Jijiyar Hajiyarsa

Kafin wata ta fara rubuto min wa'azi a ƙasan labarin nan, ku tsaya ku ji: ba faɗuwa na yi ba, ba kuma korata aka yi ba. Na gama digirina na nas, na yi aiki a ɗakin wankin ƙoda, sannan na samu gurbin karatun likita irin wanda ake ba masu digiri. Da ƙafata na shiga, da ƙafata na fito tun ban kai rabi ba. Masu cewa kaina ne bai ja ba, da masu cewa wani abin kunya na yi aka rufa min asiri, da ƙanwar Abba da ta rantse baki ne ya kama ni, duk na ji ku, kuma ko a jikina.

Abin da ya fito da ni ba wani gagarumin abu ba ne. Kullum da safe za mu bi bayan malami a ɗakin marasa lafiya, mu tsaya a ƙafar gado, a yi magana a kan mutum, a wuce gado na gaba. Aikin ke nan, kuma aiki ne mai kyau, dole wani ya yi shi. Ni ce dai kullum sai an waiwayo an neme ni, a same ni can baya ina gyara wa wata tsohuwa filasta ko ina ɗaga mata filo. Ran nan malamin ya ce min a gaban kowa, "Malama, a nan ke ba nas ba ce. Saki hannun nan ki zo ki yi tunani." Bai zage ni ba, gaskiya ya faɗa. Na dubi hannun da na riƙe, na ji wallahi ba na son sakinsa. Daga ranar barci ya ƙaurace min, abinci ya daina shiga, na rame har siket ɗina sai da fil yake tsayawa. Na daure na ci jarrabawar zangon tas, don kada gobe wani ya ce gudu na yi, sannan na haɗa kayana na dawo gida.

To a gida ake yin ta. Tun ranar da aka ɗauke ni a makarantar nan, gidanmu suka manta sunana, kowa Dakta. Hotona da farin kwat yana saman talabijin a falo, cikin firam mai ruwan zinare, Umma tana goge shi da gefen mayafinta duk sanda ta wuce. Har yau yana nan. Maƙwabta kuma an ce musu hutu nake yi, hutun da ya ƙi ƙarewa.

Safiyar ranar da zan ba ku labari, ina tsaye a ɗakina ina guga, shuɗin yunifom ɗina yana shimfiɗe a kan tebur, sai ga Umma a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu.

"Dakta, jiya ke kika shanya wannan shuɗin kayan a baranda?"

"Umma, don Allah ki daina ce min Dakta."

"Bakina ya saba. Na ce ke kika shanya?"

"Ni ce. A ina zan shanya, ƙarƙashin gado?"

"Matar gidan sama ta gani. Ta tare ni a matattakala tana tambayata wai ko mun ɗauki mai jinya ne a gidan."

"Sai ki ce mata eh, kun ɗauka, kuma ke kika haife ta."

Ta ajiye kofin a kan madubi da ƙarfi har shayin ya fantsamo. Umma ba mai faɗa ba ce, idan abu ya ci ta sai idonta ya ciko, wannan kuwa ya fi duka ciwo.

"Ke dai ba ki da tausayi. Ki zura doguwar riga a kai ki rufa min asiri, shi ke nan roƙona. A bari a yi bikin nan lafiya, bayan nan ki yi yawo da shi har kasuwa in kin ga dama."

Na zura baƙar doguwar rigar a kan yunifom ɗin, na yafa mayafi, na jefa fararen takalmana a jaka. Kada ku ɗauka tsoro ne. Ina iya ja da kowa a duniyar nan, hawayen Umma ne kawai ke karya min gwiwa. A falo na tarar da Abba yana karatun labarai a waya, na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Tun dawowata haka muke, gaisuwa da amsa, kamar masu haya a gida ɗaya.

Bikin da Umma ke magana, nawa ne da Injiniya. Bari in gabatar muku da shi. Dogo ne, mai sanyin murya, mai yawan turare, mutumin da ko gardama ce ta taso sai ya ce "a bari a huce tukuna." Gidansu gidan laƙabi ne: shi Injiniya, yayarsa Barista, ƙaninsa Akanta. Dakta ce kawai babu, sai ga ni. Mahaifiyarsa, Hajiya, tun ganinmu na farko ta riƙe hannuna ta ce, "Daktata, kin cike min gurbi." A lokacin daɗi na ji, ba zan yi muku ƙarya ba.

Injiniya ya san na bar karatun. Shi na fara faɗa wa, tun kafin Umma. A waya ya ce min, "Ni ke nake so, ba takarda ba. Amma Hajiya kada ta ji yanzu. A bari a yi auren, sai mu faɗa mata a hankali." Na ce ba na son auren da aka ɗora a kan ƙarya. Ya ce ai ba ƙarya ba ce, jinkiri ne. Kuma abin ya zo masa da sauƙi, domin watanni ke nan ana ce mana Hajiya ta tafi wani gari wajen Barista ganin jikoki. Ko a waya sai dai ya ce tana gaishe ni.

Ranar da na samu aiki kuwa, da murnata na faɗa masa sunan asibitin da unguwar da yake, can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa. Yana danna waya yana cewa, "Uhm, uhm, Allah ya sa alheri." Ku riƙe wannan "uhm" ɗin, don ko kalma ɗaya bai ji ba.

Ɗakin wankin ƙoda dogon ɗaki ne mai sanyi, kujeru manya a jere, kowace da injinta a gefe yana ƙyafta fitila. Wanda ƙodarsa ta gaza, nan yake zuwa a kai a kai, a saka masa allura biyu a wata jijiya da likitoci suka haɗa masa a hannu, jini ya fita ya zaga cikin inji ya wanku ya dawo. Jijiyar nan ita ce ran mutum. In ka ɗora yatsa a kai za ka ji tana rawa a hankali kamar waya a aljihu. In nas ta huda ba daidai ba ta kumbura, in ta lalace gaba ɗaya sai an koma tiyata. Shi ya sa ba a ba kowa ita.

Da can ni ake kira in jijiya ta yi gardama. Amma wanda ya bar ɗakin ya dawo, sabo ne, ko da shi ya gina ɗakin. Babbar Sista, shugabar ɗakin, wata gajeriyar mata mai gilashi da ba a taɓa ganin haƙorinta ba, ta ce min ranar farko, "Gwaji na ɗauke ki. Ban damu da inda kika je ba, hannunki nake son gani." Ta haɗa ni da wata nas da muke kira Doguwa ta riƙa tsaya min a ka. Doguwar nan fa ni na koya mata riƙe allura, lokacin hannunta har rawa yake. Yanzu ita ce ke ce min, "Yi a hankali, Dakta mai ritaya." Sai in ce, "Ki gode wa Allah ina gwaji, da kin ga ritaya." Mu yi dariya, amma can ƙasan raina abin yana sukata.

Dokokin Babbar Sista biyu ne, kowa ya haddace su. Nas ba ta zaɓen mara lafiya, kujerar da aka ba ki, duk wanda ya zauna a kai naki ne. Sannan ba kya taɓa sabon mara lafiya sai kin sauke takunkumi ya ga fuskarki, kin faɗa masa ko ke wace ce. Ta ce wanda zai ba ki jijiyarsa yana da haƙƙin ya san wa ya ba.

Ina shiga ranar, ina ɗaura hula da takunkumi, Doguwa ta leƙo ɗakin canza kaya.

"Ke, yau ake yin ta. An turo wata sabuwa daga wani asibiti a wani gari, kujerar bakin taga. Jijiyarta ta sha wuya. Sista ta ce ke za ki saka, ita da kanta za ta tsaya. In kin yi, kin gama gwaji."

"In ban yi ba fa?"

"Sai ki koma ki ƙarasa likitancin," ta ce, tana dariya.

Na harare ta na fito wajen sikeli, don kowa sai an auna nauyinsa kafin a ɗora shi. Sai na ji ƙamshin wani turare da na sani. Na ɗago. Injiniya ne, yana riƙe da gwiwar hannun wata dattijuwa, suna tahowa a hankali.

Jama'a, Hajiya ce. Amma ba Hajiyar da na sani ba, mai zobba a kowane yatsa da murya mai cika falo. Ta zabge, fuskarta ta yi duhu, ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin sun nutse a ciki. Ashe ba jikoki take gani ba, wankin ƙoda ake mata a ɓoye. Shi kuma gogan, don kada su haɗu da idon sani, ya tsallake duk asibitocin cikin gari ya kawo ta na ƙarshen gari, inda nake.

Idonmu ya haɗu. Hula da takunkumi ba su hana shi gane ni ba. Hajiya kuwa ko kallo na biyu ba ta yi min ba, wa zai nemi Daktarsa cikin shuɗin yunifom?

"Sannu 'yar nan," ta ce, tana hawa sikelin da ƙyar. "Riƙe ni, jiri nake ji."

Na riƙe ta. Ba nauyi sam, sai ruwa. Na rubuta nauyin, na kai ta kujerar bakin taga, na gyara mata filo, na lulluɓe mata ƙafa da bargo. Ban ce uffan ba, tsoro nake kada muryata ta tona ni tun ban shirya ba. Ita kuwa irin mutanen nan ce da in tsoro ya kama su sai surutu.

"Kin ga hannun nan? Can inda na baro sun mayar da shi abin gwaji. Wannan ta huda, waccan ta huda. Amma na kusa hutawa. Ɗana zai auri likita, yarinya mai hankali, tana can tana karatu. In ta shigo gidan ita za ta riƙa duba ni, na huta da hannun baƙi." Ta rage murya. "Danginta ba su san ina ciwon nan ba. Na hana a faɗa. Kada su ce za a kai musu 'ya gidan jinya."

Na gyaɗa mata kai kawai, na fita ɗauko kayan aiki.

A lungun da muke ajiye magunguna Injiniya ya tare ni. Har gumi yake a cikin sanyin nan.

"Me kike yi a nan?"

"Tallan turare. Me ka ga ina yi? Aiki nake."

"Ba ki ce min nan ne ba!"

"Na faɗa maka har da unguwa. Ka ce uhm."

Ya sosa ƙeya. "To ji, don girman Allah ki ce a ba wata. Ki ce kanki ke ciwo. Yau kaɗai, zuwa jibi na canza mata asibiti."

"Ka kuma ɗaukar matar nan da kumburarriyar ƙafa ka kai ta wani wuri a ci gaba da huda ta, don kada ta ga fuskata?"

"Ba ki gane ba. Ita ke nan abin da take riƙe da shi yanzu, maganar Daktarta. In ta ji, hawan jininta..."

"Kai kuma me ya hana ka faɗa min ba ta da lafiya? Ni da wannan ne aikina?"

"Ita ta hana."

"Ita ta hana, Umma ta hana, kai ka hana. Kowa ya hana, ni ce kawai ban da bakin hanawa."

"Ki rufa min asiri," ya ce. "In kina sona."

Na zame ta gefensa na wuce. Ina sonsa, kada ku yi shakka. Da ba na sonsa da abin bai yi min zafi haka ba.

Wayata tana cikin jaka a ɗakin canza kaya, tun daga ƙofa nake jin rurinta. Umma ce. Ta kira har ta gaji, ta koma saƙo.

"Injiniya ya kira ni. Ya ce Hajiyarsa ta dawo, ta je dubiya asibitinku."

"Ki ɓuya a banɗaki har ta tafi."

"Dakta kina gani kina shiru."

"Don darajar nonon da kika sha kada ki kunyata ni."

Dubiya! Kun ji fa, ko a cikin ruɗewa sai da ya samu ƙaryar da zai yi wa Umma. Sai ga nasa saƙon ya shigo a kan nata: "Zan gyara komai. Yau kawai." Har da hoton zuciya a ƙarshe.

Na zauna a kan benci, wayar a cinyata. Zan gaya muku gaskiya, na yi tunanin banɗakin. Minti kaɗan ne, Doguwa ta saka allurar, kowa ya tsira da mutuncinsa, a yi biki, in shiga gidan a matsayin Dakta mai dogon hutu. Sai na hango kaina bayan shekara, ina fita aiki da doguwar riga a kan yunifom daga gidan mijina kamar yadda nake fita daga gidan ubana. Wani haushi ya turnuƙe ni. Sata na yi? Aikin da nake tashi dominsa da sassafe da murnata, aikin da ya dawo min da barci da cin abinci, shi ne abin ɓoyewa a banɗaki?

Na rubuta wa Umma: "Ki yafe ni. Ba zan ɓuya ba." Na kashe wayar na jefa ta jaka.

Babbar Sista tana tsaye a teburinta tana jirana. Na ce, "Sista, matar kujerar taga, na san ta."

Ta dube ni ta saman gilashi. "Jininki ce?"

"A'a. Mahaifiyar wanda zan aura ce. Ba ta san nan nake aiki ba."

"To mara lafiya ce. In ita ta ƙi ki, haƙƙinta ne, ba zan riƙe ki da shi ba. In ke kika ƙi ta, kin san hanyar da kika shigo. Wanne ne?"

"Mu je," na ce.

Masu rakiya ba sa shiga lokacin saka allura, don haka Injiniya yana can bayan ƙofar gilashi, ya manna fuska kamar wanda aka kulle a waje. Na ja 'yar kujerar zama zuwa gaban Hajiya, na zauna yadda idona zai yi daidai da nata. Sista tana damana, Doguwa tana haguna da farantin kayan aiki. Na sa yatsa na sauke takunkumin.

"Hajiya, ina kwana. Ni ce."

Ta ƙura min ido. Na ga sanda ta gane ni, leɓenta ya motsa, "Dak..." sai kalmar ta maƙale.

Na faɗa mata sunana da na mahaifina kamar yadda doka ta ce, sannan na ɗora. "Na bar makarantar likita da daɗewa. Ba korata aka yi ba, ba faɗuwa na yi ba, ni na ga ba wurina ba ne. Ni nas ce, Hajiya. Wannan aikin na iya, shi nake so, kuma ba zan koma ba. In kin yarda, ni zan saka miki allura yau. In ba ki yarda ba, ga Sista nan, za ta ba ki wata, ba wanda zai ga laifinki."

Abin da ta fara yi ya ba ni mamaki. Ba faɗa ta yi ba. Gefen mayafinta ta ja da sauri ta rufe hannun nan mai tabo, kamar na kama ta ba sutura. Sai a lokacin na tuna ba ni kaɗai aka tona ba.

"Uwarki ta san ina nan?" ta ce a hankali.

"An ce mata dubiya kika zo. Daga bakina ba za ta ji komai ba, aikinmu ya hana. Ranar da kika so, ke za ki faɗa."

Ta juyar da kai wajen taga. Ta daɗe a haka. Doguwa ta taka min ƙafa a hankali, ban kula ta ba. Na rantse a raina ko me za ta ce ba zan sunkuyar da kai ba. Babbar Sista ta yi gyaran murya.

"Hajiya, a kira wata?"

Hajiya ta janye mayafin da kanta, ta miƙo min hannun, ta ajiye shi a kan filo.

"Sun huda ni har na gaji. In kin iya, bismillah."

Na mayar da takunkumi, na wanke hannu, na sa safar hannu. Hannun nata duk ya yi shuɗi-shuɗi, wuri ɗaya aka yi ta nacewa har fatar ta yi laushi. Na bar wurin. Na bi jijiyar da yatsu biyu zuwa sama, ina lalube, ina sauraren rawarta, har na samu inda ba wanda ya taɓa, ta ɗan karkata ta nutse. Na goge da magani, na jira ya bushe. A nan duk duniya ta fita daga kaina, ba Umma, ba Injiniya, ba hoton saman talabijin.

"Ja numfashi, Hajiya."

Allurar ta shiga, jini ya leƙo cikin siririyar robar yana bugawa. Na manne ta da filasta. Na saka ta biyu, ita ma ba gardama. Na haɗa robobin, na kunna injin, jan jini ya kama hanya yana zagawa.

"Har kin saka?" ta ce, tana leƙen hannun.

"Har na saka."

Babbar Sista ta duba filastar, ta duba injin, ta juya. Tana tafiya ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Doguwa, daga yau ki daina tsaya mata. Kujerun taga nata ne." Doguwa ta ɗaga min gira ta bi bayanta. Da a wata rana ce da sai na shiga ɗakin canza kaya na yi tsalle. Na samu aikina, da hannuna, da fuskata a buɗe.

Hajiya ta rufe ido, ta buɗe. Muryarta ta dawo irin ta da, mai cika falo.

"Hannunki da sauƙi, ba zan ƙi faɗa ba. Amma ni ba a yi min ƙarya. Kira min shi."

Na yafito shi ta gilashi. Ya shigo yana taku kamar ƙasan za ta fashe, ya tsaya a ƙafar kujerar, bai dube ni ba.

"Ka san da wannan?" ta ce.

Na kafe shi da ido. A raina ina roƙonsa, faɗi gaskiya, sau ɗaya tak, ni zan tsaya tare da kai a sha faɗan tare. Ya dubi injin, ya dubi bargon, ya lashi leɓe.

"Wallahi Hajiya, ni ma yanzu nake gani."

Har da wallahi. Kunnena ya yi ɗum. Mutumin da na fara kira ina kuka ranar da na haɗa kayana, mutumin da ya ce ni yake so ba takarda ba, ya ɗauki ƙaryar gaba ɗaya ya ɗora min a ka a gaban uwarsa. Ban yi kuka ba. Wani irin sanyi ne ya sauko min tun daga ƙeya har tafin ƙafa, na ji na daina jin tsoron komai.

"Malam," na ce, "masu rakiya a waje suke jira. Dokar ɗakin ce."

Ya dubi Hajiya ko za ta ce ya tsaya, ba ta ce ba. Ya juya ya fita, ƙofar gilashin ta rufe a bayansa.

Na cire safar hannu na jefa a kwando, na sake jan kujerata kusa da ita.

"Hajiya, injin nan sai ya yi awa huɗu kafin ya sake ki, ni ma ba inda za ni. Duk abin da kike son ji, tambaye ni. Daga ina kike so in fara?"

Ta dubi ƙofar da ɗanta ya bi, ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo gare ni.

"Daga ranar da ya sani," ta ce.